Yadda Ake Ajiye Gasasshen Haƙarƙari da Zafinsa Har Lokacin Ci

Gashin haƙarƙari da hayaƙi ba ya bin agogo. Sai ka ɗora shi kan waya da hantsi da niyyar ya nuna bayan La'asar, ka tarar ya yi laushi tun ƙarfe biyu. Wani lokacin kuma naman ya nuna daidai sa'ar da aka yi da kai, amma mai gida ya leƙo ya ce, “Malam, a ɗan dakata, su Alhaji ba su taso daga wurin ɗaurin aure ba.” Duk wanda ya taɓa yin gashin walima ko na suna a Sakkwato ya san wannan dakatawar tana iya cin awa uku. A cikin wannan tazara nama mai kyau yake lalacewa, ko dai ya bushe a gefen wuta ya koma kamar kilishi, ko ya huce kitse ya daskare a kansa.

Dabarar ita ce ka tsare zafin da ke cikin naman tun bai fita ba, maimakon ka yi ta ƙara masa wuta. Ga yadda nake yi, da haƙarƙarin rago, da na akuya, da na sa.

Kayan da za ka tanada

Kula mai murfin da ke kamawa sosai. Doguwar kular da ake zuba ƙanƙara da lemo ta fi dacewa, domin haƙarƙarin zai kwanta a miƙe. Kular abinci mai zagaye ma tana yi, sai dai ka raba naman gida biyu.

Foyil mai kauri, wato takardar alminiyam da ake naɗe abinci da ita. In siriri ka samu a kanti, ka sayi biyu, don za ka ninka shi.

Farar takarda mai tsabta, irin wadda masu kek suke shimfiɗawa a gwangwani.

Tsofaffin tawul uku ko huɗu, wankakku kuma busassu, ko ƙaramin bargo. Za su ɗauki ƙaurin hayaƙi, don haka kada ka ɗauko na uwargida na ado.

Ruwan zafi kamar tukunya guda, da ɗan romo ko man shanu, da wuƙa da katakon yanka waɗanda ba su taɓa ɗanyen nama ba tun da aka wanke su.

Ma'aunin zafin nama, mai tsinin ƙarfe da ake sokawa. Wanda ake auna zazzaɓi da shi ba zai yi ba, iyakarsa wajen digiri 42. In babu, akwai yadda za ka gane da ido da hannu, zan zo kansa.

Sai garwashi kaɗan da za ka rage, ka lulluɓe da toka, na aikin ƙarshe.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Lamba ɗaya za ka riƙe: digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci ya zauna sama da 60 har a ci, ko kuma ƙasa da 5 in a sanyi za a ajiye, kuma kada a bar shi a fili fiye da awa 2. Tsakanin 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, wasunsu suna ninka yawansu duk bayan minti 20. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta rage wa'adin zuwa awa 1 in zafin gari ya haura digiri 32.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura 40, sai ka ji wani ya ce, “Ai garin nan da zafi, naman ba zai huce ba.” Gaskiya ne ba zai yi sanyi a hannu ba, amma zai sauko ya tsaya a 40 ɗin, kuma wurin da ƙwayoyin suka fi so ke nan. Ɗumi daban, zafi daban. Gashi yana kashe yawancinsu, sai dai akwai irin su Clostridium perfringens da ke ƙulle kansu su tsira daga wuta, su farfaɗo in nama ya daɗe da ɗumi-ɗumi. Sau da yawa su ne ke jawo murɗar ciki da gudawa cikin dare bayan biki, a yi ta zargin ruwan sha.

Abu na biyu shi ne kitse. Kitsen rago da na sa ba ya narkewa a zafin jikin mutum, wato digiri 37, shi ya sa da zarar nama ya huce sai ka ji maiƙo ya liƙe maka a ganɗa. Haƙarƙari kuwa falle ne, ba kaurin cinya gare shi ba, don haka ya fi yanki mai kauri saurin hucewa. Na jar akuyarmu ya fi siranta, sai na rago irin Uda ko Balami, sai na sa Gudali da ya fi su riƙe zafi.

1. Sauke shi a kan gaɓa

Tun kafin ka sauke, ka kimanta tsawon jiran. In bai wuce rabin awa ba, bar naman ya nuna sarai. In ka san zai kai awa biyu ko uku, sauke shi saura ƙiris, domin zai ci gaba da yin laushi a cikin naɗi. Alamar ita ce tsoka ta ja baya daga bakin ƙashi kamar faɗin yatsa, tsinke yana shiga tsakanin ƙasusuwa ba gardama, amma in ka ɗaga shi daga tsakiya yana lanƙwasa bai karye ba. A ma'auni, wajen 88 zuwa 90 ke nan. Wanda ya riga ya kai matakin zamewa daga ƙashi, in ya yi awa uku a kula sai dai a ci da cokali.

Kar ka fahimci wannan a matsayin sauke nama da ɗanyensa. Kula ba ta dafa nama. Dole ya riga ya nuna har ciki, laushi kawai ake ragewa.

2. Ɗumama kular

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin. Kula mai sanyi tana zuƙe zafin naman don ta ɗumama jikinta. Saura kamar minti 20 ka sauke, zuba ruwan zafi a ciki ka rufe. In mai ƙarfe ce a ciki, tafasasshe ba komai. In ta roba ce, bar ruwan ya ɗan sauka daga tafasa, don yana iya sa robar ta kumbura ko ta karkace har murfi ya daina kamawa. Lokacin da za ka saka nama, zubar da ruwan, goge cikin ya bushe, rufe nan take.

In kular nan ta taɓa ɗaukar ɗanyen nama daga wurin rundawa, wato mahauta, wanke ta da sabulu tukuna. Ruwan ɗumamawa ba wanki ba ne.

3. Bar shi ya sha iska kaɗan

Da ka sauke, kada ka naɗe nan take. Ajiye shi a buɗe minti 10, tururin farko ya fita. Wanda aka naɗe yana huci, zafin ciki zai ci gaba da hawa, tururin ya jiƙa ɓawon, wato busasshen bayan naman da ka ɓata awanni kana samarwa. Ga mai ma'auni, jira ya sauko wajen 80.

Lokacin hunturu ka rage zuwa minti 5, kuma ka yi shi a zaure ko bayan katanga. Iskar Disamba da Janairu busasshiya ce, tana shanye danshin nama da sauri, ga ƙura. A bazara kuwa ƙuda ne abin tsaro, sai ka kifa masa kwando mai raga.

4. Naɗi

Shimfiɗa foyil falle biyu, ka ɗora takarda a kai, sannan naman. Amfanin takardar biyu ne. Tana tsotse wani ɓangare na tururi, kuma tana raba nama da foyil, domin gishiri da tsami, kamar lemon tsami ko tumatir, suna cin alminiyam har ka ga ƙananan huji da baƙin tabo a jikin nama.

Ƙashi a ƙasa, tsoka a sama, don ruwan da zai taru ya kwanta a gefen ƙashi, ɓawon ya tsira. Bakin ƙasusuwan yana da kaifi, musamman in barunje, wato mahauci, ya sara da gatari, don haka ninka ɗan foyil ka rufe su kafin ka naɗe. Huji ɗaya ya isa ya zubar da romon cikin tawul.

Zuba cokali biyu ko uku na romo mai zafi a gefe, ko ka shafa narkakken man shanu sama-sama. Na akuya ya fi buƙatar wannan don ba shi da kitse sosai. Na rago mai ƙiba ba ya buƙatar komai. Kada ka zuba ruwan sanyi, kuma kada ka cika, ba farfesu ake yi ba.

Abubuwa uku ba sa shiga naɗi. Yajin ƙuli, domin yana shan danshi ya caɓe, a bar shi sai wurin ci. Ɗanyar albasa da tumatir da kabeji, domin suna sakin ruwa su saukar da zafi, albasar kuma ta canza wari. Sai wuƙa: kada ka yanka. Kowane yanka ƙofa ce da zafi da romo za su bi su fita. In dole ne don ya shiga kula, raba shi biyu kawai.

Matse naɗin ya kama jikin naman, baki yana kallon sama. Kowane falle da naɗinsa, don ka riƙa ɗauko ɗaya-ɗaya.

Na san an saba da jarida da takardar siminti a wurin masu tsire. Na minti biyar daga tukuba zuwa gida wannan, amma kar ka yi awanni da su. Tawadar jarida tana narkewa cikin mai, buhun siminti kuma ba don abinci aka yi shi ba. Baƙar leda ma haka, kada ta taɓa nama mai zafi.

5. Jera shi a kula

Tawul ɗaya a ƙasa. Jera naɗin ɗaya kan ɗaya, a manne, domin suna ɗumama juna. Mai kauri a ƙasa, wanda za a fara ci a sama. Sai ka cusa sauran tawul a gefe da sama har babu sarari. Iskar da ta rage a ciki ita ce ɓarauniyar zafi: babbar kula da falle ɗaya a tsakiya ba ta kai ƙarama da ta cika maƙil ba.

In naman kaɗan ne, ko ka san jiran zai yi tsawo, ƙara masa abin da ke riƙe zafi. Jan bulo busasshe guda ɗaya ko biyu, a ajiye gefen garwashi rabin awa, a naɗe da foyil sannan da tawul mai kauri don kar ya ƙona robar. Kada ka ɗauko dutse daga bakin gulbi ko bulon siminti mai danshi, ruwan da ke ciki yana iya sa shi fashewa a wuta. Ƙaramar tukunya mai murfi cike da ruwan zafi ma tana yi in kular ba za ta motsa ba.

6. Rufe, ka rubuta lokaci

Rufe murfi, jefa bargo a kai, ajiye a ɗaki ko inuwa inda iska ba ta kaɗawa, ba a kan siminti mai sanyi ba. Duba agogo ka riƙe lokacin, ko ka sa ƙararrawa a waya, don hidimar biki tana mantar da mutum.

Daga nan kada a buɗe. Nan ne fa rigimar take, domin kowa ya wuce sai ya so ya leƙa, yara kuma sun ji ƙanshi. Ni dai nakan ware ɗan guntu tun wajen saukewa in ba masu ɗanɗano, a huta.

Ga ƙa'idar da nake bi in an ɗumama kula an cika ta da kyau: na akuya kada ya wuce awa 2, na rago awa 3, na sa mai kauri zai iya kai 4. Wannan kiyasi ne, ingancin kula da yawan nama suna canza shi. Ma'auni ne alƙali.

7. Dubawa

Bayan awa 2, buɗe sau ɗaya. Soka ma'auni ta cikin foyil a naɗin da ke sama, shi ne ya fi saurin hucewa, a tsoka ba a jikin ƙashi ba. In ya nuna 65 ko fiye, rufe da sauri. In ya kusa 60, kular ta gama aikinta, ko a ci yanzu ko ka koma ga wuta.

Ba ma'auni? Ɗora tafin hannu a kan foyil. In ba ka iya barinsa fiye da daƙiƙa biyu ko uku, alama ce har yanzu yana da zafi sosai. In kana iya riƙe shi ka yi hira, ya sauka. Buɗe gefe ɗaya ka gani: tururi ya tashi, man da ke ƙasa yana ruwa garai-garai. Da ka ga ya fara kauri ko fari-fari a gefe, an daɗe da wuce layi.

8. Mayar da shi wuta, sannan a yanka

Duk yadda ka yi, ɓawon zai ɗan yi laushi a naɗi. Gyaransa ba wuya. Tone garwashin da ka rufe da toka, hura shi ya yi ja, buɗe naman ka ɗora kan waya, minti 3 zuwa 4 kowane gefe, tsoka tukuna. Tsaya a kansa, don man da ke ɗiga yana tayar da harshen wuta. Romon da ya taru a foyil kar ka zubar, juye shi a ƙaramar tukunya ya tafasa, ka zuba a kan naman bayan an yanka.

Ɗauraye tire da ruwan zafi ka goge. Tiren ƙarfe mai sanyi yana daskarar da kitse cikin 'yan mintuna, musamman da daddare a hunturu. Yanka tsakanin ƙasusuwa, barbaɗa yaji, albasa a gefe. Fito da iya wanda za a cinye a zama ɗaya. In maza za su ci a waje bayan Magariba, mata kuma a cikin gida sai bayan Isha, rabon cikin gida ya zauna a naɗe a kula har lokacinsa.

In babu kula

Kwali mai kauri yana maye gurbinta na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Saka naɗin a tukunyar da ka ɗumama, rufe, zaunar da ita a kwalin, cusa tsumma ko bargo ta kowane gefe. A ƙauye ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi busasshe yana yin wannan aikin da kyau, in dai murfin tukunyar ya kama.

Mai obin ya fi kowa sauƙi, kuma shi ne hanyar da ta fi dacewa in jiran zai wuce awa 4. Saita shi tsakanin 65 da 75, naman a naɗe. Haka gidajen gashin hayaƙi na Teksas a Amurka suke riƙe nama awanni da yawa a akwatin ɗumi kafin su buɗe wa masu saye. Matsalar ita ce yawancin obin ɗin gas ba sa sauka ƙasa haka, ko a ƙaramar wuta sun haura 100. In naka irin wannan ne, kunna shi minti 10, kashe, saka nama, ka riƙa maimaitawa duk bayan kamar minti 40. In na lantarki ne, ka ɗumama kula ta zauna a shirye ko da za a ɗauke wuta.

Madambaci ma hanya ce. Ruwa a tukunyar ƙasa, wuta ƙasa-ƙasa yadda zai riƙa tururi ba tare da ya yi ta tafarfasa ba, naman a naɗe ruf a sama. Yana riƙe zafi sosai, amma ɓawon yana tafiya gaba ɗaya, don haka mataki na 8 ya zama dole. Riƙa duba ruwa kar ya ƙone.

Gefen wuta shi ne na ƙarshe a wurina, duk da shi aka fi yi. Mai tsire yana iya yi don namansa ba ya zama, ana saye yana juyawa. Kai da za ka jira awa biyu, in ka bar shi a buɗe, gefen da ke kallon wuta zai bushe, ɗayan ya huce. In ba ka da zaɓi, naɗe shi, tara garwashi gefe guda ka rufe rabinsa da toka, ajiye naman a ɗaya gefen, kifa babban kwano a kai, ka juya shi duk bayan minti 20. Kada ka ƙara itace a wannan matakin, balle ɗanyen dogon yaro mai ɗacin hayaƙi. Kuma kada sanyi ya sa ka shigar da garwashi ɗaki ka rufe ƙofa. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

In za a yi tafiya da shi

Daga Mabera zuwa Arkilla ko Gawon Nama, naɗi da tawul a cikin kwali sun isa. In za a fita gari, Bodinga ko Wurno ko Tambuwal, sai kula, da bulo maimakon tukunyar ruwa. Ɗaure murfin da igiya ko robar taya, kular ta zauna daidai kada ta karkata. A babur ko Keke Napep iska tana bugun ta, sai a ƙara bargo a waje. Lissafin lokaci yana farawa daga sa'ar da aka sauke nama daga wuta, ba daga sa'ar da aka isa ba.

Gashin layya da muke yi, inda ake buɗe rago a kafa shi a sanduna kewaye da wuta, lamarinsa daban ne, don ana so ne ya tsane ya daɗe. Amma in kana son a ci awazar da laushinta a daren, yanke ta da zarar ta nuna, tun sauran naman yana jikin sanda, ka bi da ita ta matakan nan.

In ya riga ya huce

Tambayar ita ce tun yaushe. In ka tabbata bai kai awa 2 a ƙasa da 60 ba, ko awa 1 a bazara, a ɗumama shi da wuta mai ƙarfi har cikinsa ya kai 75, yana tururi ko'ina. A naɗe da ɗan romo a kan garwashi ko a obin, sannan a buɗe a gasa bayan. Sau ɗaya ake wannan. Mayar da hucaccen nama cikin kula ba ya ɗumama shi, sai ma ya riƙe shi a zafin da ƙwayoyin cuta suke so.

In ya wuce haka, ko ya kwana a kula, haƙuri za a yi da shi. Shinshinawa ba ta nuna komai, naman da zai kwantar da mutum sau da yawa ƙanshinsa lafiya lau, kuma wasu ƙwayoyin suna barin dafin da sake gashi ba ya kashewa. Kada a ce a ba almajirai ko masu aiki, cikinsu ɗaya da na kowa.

Wanda ya rage bayan an ci kuwa, kar ka jira safe. Cire shi daga naɗi, yayyanka, baza a faranti mai faɗi don ya huce da wuri, a saka firji, a cinye cikin kwana 3. In wutar ba abin dogaro ba ce, a zare tsokar daga ƙashi a daren nan, a soya ta cikin mai har ta tsane sosai, yadda ake yi wa naman layya.